Maganin kolestarol zai hana bawul ɗin zuciyar Baba ci gaba da tsukewa?

Wata baiwar Allah ta turo tambaya game da mahaifinta mai shekara 71. An yi masa hoton zuciya na eko, aka ce bawul ɗin da ke bakin babbar jijiyar jini, wato ayota, ya fara tsukewa, tsukewar kuma matsakaiciya ce, an rubuta gudun jinin 3.3 a takardar. Yana da hawan jini, kuma ya daɗe yana shan atorvastatin. Yayanta ya ce a roƙi likita ya ƙara ƙarfin ƙwayar don ta wanke bawul ɗin, ƙaninta kuma ya ce ya karanta cewa maganin ba ya yi wa bawul komai, saboda haka a daina ɓata kuɗi. Tana so ta san wanne ne ke da gaskiya.

Hajiya, Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri kan kulawar da kike yi. Ƙaninki ya faɗi gaskiya a rabin farko na maganarsa, ya kauce a rabin ƙarshe. Magungunan rage kolestarol, irin su atorvastatin da rosuvastatin da simvastatin, waɗanda a jumlace ake kira sitatin, ba sa hana bawul ɗin da ya fara tsukewa ci gaba, kuma ƙara ƙarfinsu ba ya canza hakan. Amma mai yiwuwa ne ƙwarai ba don bawul aka rubuta wa Baba ƙwayar ba tun farko, don haka rashin amfaninta ga bawul bai isa dalilin dainawa ba.

Yayanki ba shi kaɗai ya yi wannan tunani ba. Manyan likitocin zuciya na duniya sun yi shekara fiye da goma suna kan wannan ra'ayi, kuma suna da hujja mai kyau. Bawul ɗin ayota ƙyamare uku ne sirara da ke buɗewa duk lokacin da zuciya ta matsa don jini ya fita zuwa jiki, su rufe don kada ya koma. A lafiyayyen babba faɗin ƙofar yakan kai murabba'in santimita 3 zuwa 4. Da can ana ɗauka tsukewarsa a wajen tsofaffi tsufa ce kawai, abu ya yi aiki ya gaji. A 1994 Dakta Catherine Otto da abokan aikinta a birnin Siyatil na Amurka suka duba bawul-bawul da suka fara lalacewa a ƙarƙashin madubin likita, suka tarar da kitse ya shiga ƙarƙashin fatar ƙyamaren, ga ƙwayoyin kumburi sun taru, ga ɗigo-ɗigon kalsiyam, wato sinadarin da ke taurara ƙashi, kusan daidai da abin da ake gani a jijiyar zuciyar da ta fara toshewa. Aka kuma lura cewa masu hawan jini da masu shan taba da masu yawan kolestarol sun fi kamuwa da cutar. A wannan shekarar ce kuma babban gwajin da aka yi a ƙasashen Sikandinabiya ya nuna simvastatin na rage mace-mace a cikin masu ciwon jijiyar zuciya. Duk wanda ya haɗa waɗannan biyun zai ce an samo maganin bawul.

Daga 2001 zuwa 2004 aka yi ta buga rahotanni daga manyan asibitocin Amurka da na birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, inda aka koma kan fayilolin marasa lafiya aka ga waɗanda ke shan sitatin bawul ɗinsu ya fi jinkirin tsukewa. Matsalar irin wannan bincike ita ce ba a san me ya bambanta mutanen ba. Wanda ke shan ƙwayarsa kullum galibi shi ne mai zuwa ganin likita a kan lokaci, mai kula da hawan jininsa, mai halin sayen magani. To ƙwayar ce ta yi aikin, ko halin mutumin? Hanya ɗaya ce ta raba gardama: a tara marasa lafiya masu cuta iri ɗaya, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu magani, a ba wasu ƙwaya mai kama da shi wadda babu komai a cikinta, ba tare da likita ko majiyyaci ya san wa ke shan me ba, sannan a jira shekaru a auna.

An yi hakan sau uku. Na farko shi ne gwajin SALTIRE da aka yi a Edinbara ta Sikotland, aka buga sakamakonsa a 2005. Mutum 155 ne, aka ba rabinsu atorvastatin miligiram 80, wanda shi ne ƙarshen ƙarfin da ake bayarwa, wato ainihin abin da yayanki ke nema wa Baba. Kolestarol ɗinsu ya faɗi warwas. Bayan kimanin shekara biyu aka auna, gudun jinin da ke ratsa bawul ya ƙaru da kusan mita 0.20 a daƙiƙa kowace shekara a ɓangaren masu magani, haka kuma ya ƙaru da kusan 0.20 a ɗaya ɓangaren. Kalsiyam ɗin da ke taruwa a bawul shi ma bai san an sha magani ba.

Aka ce mutanen sun yi kaɗan, lokacin ya yi gajere, cutar tasu kuma ta riga ta yi nisa. Sai ga gwajin SEAS a 2008, wanda shi ne mafi girma har yau. Mutum 1,873 daga ƙasashe bakwai na arewacin Turai, dukkansu tsukewarsu ƙarama ce ko matsakaiciya, babu wanda ya fara jin alama. Aka haɗa wa rabinsu magani biyu, simvastatin miligiram 40 da ezetimibe miligiram 10, aka bi su sama da shekara huɗu. Mugun kolestarol, wanda takardar gwaji ke rubutawa LDL, ya ragu da fiye da rabi. Da aka zo lissafi, kashi 28.3 cikin ɗari na masu shan magani sun kai ga tiyatar canjin bawul, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 29.9. Wannan ba bambanci ba ne da za a kafa hujja da shi. Na uku, ASTRONOMER, a Kanada aka yi shi, aka buga a 2010. Mutum 269 ne, sun fi na baya ƙarancin shekaru, kusan rabinsu irin waɗanda aka haifa da bawul mai ƙyaure biyu maimakon uku, aka ba su rosuvastatin miligiram 40 na kimanin shekara uku da rabi. Nan ma babu abin da ya canza. Magani uku daban-daban, ƙasashe daban-daban, amsa ɗaya. Shi ya sa ƙa'idojin ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka na 2020 suka faɗa ƙarara cewa ba a bayar da sitatin don rage saurin tsukewar bawul, na Turai na 2021 ma a kan haka suke.

Me ya sa abin da ya yi aiki a jijiya ya kasa a bawul, alhali farkon cutar iri ɗaya ne? A nan ne ilimin ya fi daɗi, kuma fahimtarsa za ta hana a yaudare ku. Cutar mataki biyu gare ta. A matakin farko fatar bawul ta samu rauni saboda bugun jini na shekaru, kitse ya shiga, kumburi ya biyo baya. A wannan lokacin kolestarol yana da hannu, kuma binciken ƙwayoyin gado ya tabbatar da haka: mutanen da suka gaji yawan LDL tun haihuwa sun fi samun tsukewar bawul a tsufansu. Amma bayan wani lokaci ƙwayoyin halittar da ke cikin bawul ɗin sai su sauya hali, su koma yin aikin ƙwayoyin da ke gina ƙashi. Suna ajiye kalsiyam, ƙyamaren su yi tauri, taurin ya sa jini ya ƙara dukansu da ƙarfi, dukan ya jawo sabon rauni, raunin ya jawo ƙarin kalsiyam. Daga nan cutar ta samu abin da take ci da kanta, ba ta ƙara jiran kitse. A wasu bawul-bawul da aka cire wajen tiyata har ƙashi na sosai aka samu a ciki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma lokacin da eko zai nuna tsukewa, iccen ya daɗe da bushewa. Akwai ƙarin abu: a jijiyoyin zuciya, ɗaya daga cikin hanyoyin da sitatin ke kare mutum ita ce ƙarfafa dunƙulen kitsen da ya taru don kada ya fashe, har kalsiyam ɗinsa kan ƙaru kaɗan. Wannan alheri ne a jijiya, domin fashewar ce ke kawo bugun zuciya. Bawul kuwa ba fashewa ce matsalarsa ba, tauri ne.

An gwada bi ta ɓangaren ƙashin ma. A Edinbara aka ba masu tsukewar bawul magungunan da ake ba masu zaizayar ƙashi, denosumab da alendronate, sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna ba su hana komai ba. A Denmak aka gwada bitamin K2 haɗe da bitamin D, 2022, shi ma haka. Na kawo wannan ne saboda na san za a tallata muku kwalabe masu tsada da sunan suna narkar da kalsiyam ko wanke jijiyoyi, wasu na zamani wasu na gargajiya. Duk wanda ya ce miki yana da abin sha da zai buɗe bawul ɗin da ya tsuke, kuɗinki yake so.

Inda masu bincike suka fi sa ido yanzu shi ne wani nau'in kitsen jini da ake rubutawa Lp(a). Gadonsa ake yi, abinci da motsa jiki ba sa taɓa shi sosai, kuma kusan mutum ɗaya cikin biyar yana da shi da yawa. A 2013 wani bincike da Dakta George Thanassoulis na Jami'ar McGill a Kanada ya jagoranta ya nuna cewa ƙwayar gadon da ke ɗaga Lp(a) tana da alaƙa da taruwar kalsiyam a bawul ɗin ayota. Sitatin ba ya sauke shi, wani lokaci ma yakan ɗan ɗaga shi, wanda hakan na iya zama wani ɓangare na dalilin faɗuwar gwaje-gwajen can uku. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin a matsakaicin lissafi baƙar fata 'yan asalin Afirka sun fi Turawa yawan Lp(a). Alluran da ake kira evolocumab da alirocumab suna sauke shi da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, akwai kuma sababbi irin su pelacarsen da ke sauke shi fiye da haka nesa ba kusa ba, an kuma fara gwada su a kan masu tsukewar bawul. Amma har yanzu babu wanda aka tabbatar yana rage saurin cutar, kuma bayan darasin sitatin, ni ba zan yi murna ba sai na ga sakamakon gwajin ƙuri'a. Idan akwai halin auna Lp(a) ɗin Baba, sau ɗaya ya isa, kuma amfaninsa ya fi komawa kanku ku 'ya'yansa, don idan nasa ya yi yawa akwai dalilin ku ma a duba ku tun da wuri.

Yanzu ga inda ƙaninki ya kauce. A gwajin SEAS ɗin nan da ya kasa taimakon bawul, matsalolin da suka shafi toshewar jijiya sun ragu a wajen masu shan magani, kashi 15.7 cikin ɗari a kan 20.1, mafi yawan raguwar kuma a yawan waɗanda suka buƙaci a yi musu aikin kewaye toshewar jijiyoyin zuciya ne lokacin da aka zo canza musu bawul. Kuma ki lura, waɗanda aka saka a gwajin an tace su, an cire masu ciwon suga da waɗanda aka san suna da ciwon jijiyar zuciya ko sun taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, saboda su dama tilas ne su sha sitatin, ba daidai ba ne a ba su ƙwayar banza. Dattijo mai shekara 71 da hawan jini da bawul mai kalsiyam yana cikin mutanen da jijiyoyinsu ke cikin haɗari, kuma da yawa daga cikin masu zuwa tiyatar bawul a wannan shekarun ana tarar da jijiyoyin zuciyarsu ma sun toshe. Ranar da za a yi masa aiki, lafiyar jijiyoyinsa na cikin abubuwan da za su sauƙaƙa aikin ko su tsananta shi. Don haka tambayar da za ki yi wa likitansa ita ce: saboda me aka fara ba shi atorvastatin? Idan ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, ko yana da suga, ko ciwon ƙoda, ko LDL ɗinsa ya yi sama sosai, to ya ci gaba da sha ba fashi. Ƙarfin ƙwayar kuma lambar LDL ɗinsa da haɗarin jijiyoyinsa ne za su yanke shi, hoton bawul ba shi da ta cewa a nan.

Ƙwayar ba ta cutar da bawul, wannan ma gwaje-gwajen sun nuna. Idan ƙaninki ya ci gaba da karatu zai ci karo da maganar cewa a SEAS an fi samun ciwon daji a ɓangaren masu magani, mutum 105 a kan 70. Abin ya tada hankali a lokacin, amma manyan gwaje-gwaje biyu da suka biyo baya da wannan haɗin maganin, masu ɗauke da dubban mutane fiye da SEAS, ba su ga haka ba. Abin da ya fi dacewa ku kula da shi shi ne ciwon tsoka da ba a saba ba, musamman a cinyoyi da kafaɗu, ko fitsari ya yi duhu, da kuma gaya wa duk likita ko mai kemis cewa yana shan sitatin kafin a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta irin clarithromycin, don suna karo da juna.

Wani abu da zan so masu karatu su lura da shi: duk bayanin nan a kan tsukewar bawul ta tsufa ne, mai kalsiyam. A ƙasashenmu, matashi ko matar aure mai shekara ashirin ko talatin da aka ce tana da ciwon bawul, mafi yawanci wata cuta ce daban, wadda ciwon makogwaro na yarinta da ba a yi wa magani ba ke haifarwa, wato zazzaɓin rumatik, kuma ya fi kama bawul ɗin da ke tsakanin ɗakunan hagu na zuciya. Wannan babu ruwansa da kolestarol. Abin da ke rage ci gabansa allurar fenisilin ce mai daɗewa a jiki, duk sati uku ko huɗu. A wani gwaji da aka yi a kan yara a Yuganda, aka buga a ƙarshen 2021, cutar ta ci gaba a ƙasa da kashi 1 cikin ɗari na waɗanda ake yi wa allurar, a kan kashi 8 na waɗanda ba a yi wa. Abin takaici ne a ga mai irin wannan ciwo yana sayen maganin kolestarol duk wata, allurar da ta fi araha kuma an bar ta.

Mu koma kan lambar nan 3.3. Mita ce a daƙiƙa, saurin da jini ke yi wajen matsawa ta ƙofar da ta ƙuntata. Daga 2 zuwa 2.9 ƙaramar tsukewa ce, 3 zuwa 3.9 matsakaiciya, 4 zuwa sama mai tsanani. Ana haɗa ta da wasu lambobi biyu: bambancin matsin jini tsakanin ciki da wajen bawul, wanda idan matsakaicinsa ya kai 40, a irin ma'aunin da ake auna hawan jini da shi, an shiga tsanani, da faɗin ƙofar, wanda idan ya sauko zuwa murabba'in santimita 1 ko ƙasa shi ma haka. A matakin Baba ana so a maimaita eko duk shekara ɗaya zuwa biyu, idan ya kai tsanani duk wata shida zuwa shekara. Ku adana kowace takarda, kuma in da hali a riƙa yi a wuri ɗaya, domin saurin canjin daga bara zuwa bana ya fi lambar yau faɗa wa likita abin da ke tafe.

Alamomi uku ake jira: haki ko sarƙewar numfashi wajen aikin da ya saba yi, nauyi ko ciwon ƙirji idan ya yi tafiya, da jiri ko suma. Tun 1968 likitoci biyu, Ross da Braunwald, suka nuna cewa mutum na iya shekaru da tsukewar ba abin da ke damunsa, amma da zarar alamun sun bayyana, idan ba a canza bawul ba, abin da ya rage 'yan shekaru ne, ga mai sarƙewar numfashi kamar biyu. Wahalar ita ce iyayenmu ba sa faɗa. Ba zai ce miki yana haki ba, sai dai ki ga ya daina takawa zuwa masallacin Juma'a, ya koma salla a zaune, ya bar zuwa gona ko kasuwa, idan an tambaye shi ya ce tsufa ce. Ke da ke kusa da shi ce za ki gane, kuma duk ranar da kika ga haka kada ki jira ranar da aka ba ku, ki mai da shi asibiti. A tsakanin nan a riƙe hawan jininsa da kyau, amma kada a ƙara ko a rage masa magani sai da sanin likita, a kula da haƙoransa don ƙwayoyin cuta daga baki na iya sauka a kan bawul ɗin da ya lalace, kuma a sanar da likitan zuciya kafin kowace tiyata ko tafiya mai wahala irin aikin Hajji.

Maganin cutar idan ta kai tsanani canjin bawul ne, ko dai ta buɗe ƙirji, ko ta zura sabon bawul ta jijiyar cinya, hanyar da Dakta Alain Cribier ya fara a birnin Ruwan na Faransa a 2002, wadda yanzu ake yi wa tsofaffi da yawa a duniya. A matsakaicin lissafi, tsukewa irin ta Baba kan ƙaru da kimanin 0.3 a shekara. Wasu sun fi haka sauri, musamman masu ciwon ƙoda da waɗanda kalsiyam ya yi wa yawa, wasu kuma sukan daɗe a wuri ɗaya. Idan ya bi matsakaicin, daga 3.3 zuwa 4 shekara biyu ce zuwa uku. Aikin bawul ba kowane asibiti ke yin sa ba, kuma kuɗinsa ba na tarawa a wata ɗaya ba ne. Zaman da ke da yayanki da ƙaninki ya kamata ku yi yanzu shi ne na tambayar likitansa a ina za a yi idan lokacin ya zo, wace hanya ce ta fi dacewa da jikinsa, kuma nawa za ku fara ajiyewa.